Jirgin Da Na Soke Da Bakina

Zogbeli, Tamale
Laraba, kwana tara da rasuwar Baba

Zuwa ga maigidana, Baban Najat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata ka koma Accra lafiya, ka sami Najat lafiya. Yaya ƙugun nan naka bayan zaman bas na yini guda? Mu nan lafiya muke, sai kewar Baba, Allah ya jiƙansa. Mma tana gaishe ka, ta ce a yi maka godiyar ɗawainiyar addu'ar uku.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya. Ka san gidanmu: in na yi tari a ƙuryar ɗaki, daga zaure ake yi mini sannu. Ga masu zaman makoki ba su gama watsewa ba. Shi ya sa na yago takarda daga littafin awon ɗinkin Abibata, matar Yaya, zan ba Andani direban bas ya kawo maka hannu da hannu.

Ƙaryar nan da na yi ta fara tsiro. Jiya bayan la'asar Yaya Abdulfatawu ya tara mu a tsakar gida, ya ce ba zai bar maganar jirgi ta wuce haka ba. Wai ya bincika, an tabbatar masa in kamfani ya soke tashi babu sanarwa, fasinja yana da hakkin neman diyya. Ka san Yaya. Shekara ashirin da biyu ya yi a gindin darbejiyar bakin kotu yana rubuta wa mutane takardun ƙara, tun da ya bari kuwa hannunsa ke ƙaiƙayi. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Ya ce ba kuɗin ne damuwarsa ba, duk abin da aka bayar sadaka za a yi wa Baba da shi ranar arba'in. Abin da yake so shi ne su rubuta da hannunsu cewa su suka hana ƙanwarsa ganawa da mahaifinta.

Kai kaɗai ka san ba a soke jirgin nan ba. Ko a gabanka ban taɓa faɗin maganar daga farko har ƙarshe ba, bari yau in rubuta ta in gani da idona.

Ranar Lahadi Yaya ya kira ya ce jikin Baba ya tsananta, sunana yake ta kira. Ka saya mini tikitin Litinin, jirgin ƙarfe goma. Bakwai da rabi muka bar Nima, lokaci har ya yi mana yawa. Ni na ce mu biya ta Mamobi wurin mai burodi. Ka ce mu wuce, na ce ba zan shiga gidan ubana hannu rabbana ba. Dalilin da ban gaya maka ba shi ne, bara da babbar Sallah da na zo a gurguje babu tsaraba, Abibata ta ce a gaban mata wai Accra ta cinye Hawawu har ta manta hanyar mai burodi. Wasa ta yi, aka yi dariya aka tashi, ni kuwa na riƙe maganar shekara guda. Ka kuma san garinmu, wanda ya taso daga kudu, hannunsa ake fara dubawa kafin fuskarsa.

Da na karɓi na kan tebur ɗin ma da mun isa. Na taɓa na ji na jiya ne, na ce sai mai zafi. Aka ce minti goma, goma ta zama arba'in, kana waje kana ta danna hon ina ɗaga maka hannu kamar kai ne mai laifi. Sai cunkoson hanya ya ƙarasa mu. Muka tarar an rufe karɓar fasinja, muna tsaye jirgin ya tashi. Babu wuri sai a na yamma. Baba ya cika bayan azahar, aka kai shi bayan la'asar, ni na sauka gab da magariba da kwali biyu na burodi.

A bakin zaure Yaya ya tare ni, idanunsa jawur, ya tambaye ni abin da ya tsare ni. Bakina ya riga hankalina, na ce an soke na safe. Ya dafa kaina ya ce ƙaddara ce, in yi haƙuri.

Burodin kuwa shi aka yanka wa masu makoki da shayi har kwana uku. Ina ji mata suna yabona, wai duk da tashin hankalin da nake ciki ban manta da mutane ba. Ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Mma ce kaɗai ba ta ci ba, ta ce maƙogwaronta ba ya karɓa. Tana takaba a ɗakin Baba, ba ta magana sai kaɗan. An karkato gadonsa daga jikin bango ya tare hanya, duk mai shiga sai ya bugi ƙafar gadon, amma ta hana a gyara.

Ga abin da ke hana ni cin abinci. Duk tsohuwar da ta shigo gaisuwa, da ta ji labari sai ta yi wa masu jirgi Allah ya isa, a amsa mata da amin. Kowace ɗaya a ƙirjina take sauka. Mma ba ta taɓa amsawa ba tukuna, carbinta kawai take ja. Amma Yaya ya ce zai kawo mata takarda ta dangwala yatsa a matsayin matar mamaci. Ranar da Mma ta buɗe baki ta ce Allah ya isa ga wanda ya hana 'yarta ganin ubanta, ka san inda za ta faɗa, ko ta sani ko ba ta sani ba. Bakin uwa nake tsoro, Baban Najat, ba kotu ba.

Don Allah in Yaya ya kira ka neman lambar tikiti, ka ce saƙon ya goge. Na san abin da ka gaya mini a tasha, cewa in faɗi gaskiya tun tana ɗanya. Ba zan iya ba.

Ka shafa mini kan Najat. Ka daina ba ta kuɗin alawa kullum don na san halinka.

Taka,
Hawawu


Zogbeli, Tamale
Litinin, kwana ashirin da ɗaya

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa. Yaya aiki, yaya makarantar Najat? Tarin nata ya lafa? An yi ruwa nan shekaranjiya, gari ya yi sanyi. Mma da sauƙi, ƙafar ce dai.

Andani ya kawo amsarka. Layi shida, Malam Yazeed, bayan na cika maka shafi huɗu. Na gane: ba za ka tona ni ba, kuma ba za ka yi ƙarya domina ba. Na yi fushi da kai yini guda, sannan na tuna irin wannan taurin kan naka ne ya sa Baba ya ba ka ni.

Yaya ma bai buƙace ka ba. Ya nemi guntun takardar shiga jirgin yamma, na rasa yadda zan hana, na miƙa masa. Ashe lambar da yake nema tana jiki. Ranar Alhamis ya sa batakarinsa, rigar saƙin nan tasa ta zuwa ɗaurin aure, ya ɗauki jakar takardunsa, ya ce in shirya mu je filin jirgi. Na ce kaina ke ciwo, ya aika aka sayo mini magani. Haka muka hau yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, yana ta karanta mini abin da ya rubuta da Turancin kotu, iska tana neman ƙwace takardar.

A teburin kamfanin muka sami wata yarinya 'yar Dagomba, ba za ta wuce ashirin da uku ba, sunanta a maƙale a ƙirji, Suhuyini. Ta rusuna ta gaishe mu, ta yi mana ta'aziyya tun kafin ta taɓa kwamfuta. Sannan ta sa lambar ta duba. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta ce wa Yaya da Hausarta ta kasuwa: "Baba, yi haƙuri. Jirgi ya tashi daidai, madam ne bai zo ba." A hankali ta faɗa, don kada na bayanmu su ji. Rufa mini asiri take yi.

Yaya ya tashi da faɗa. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya buga tebur ya ce an gyara kwamfutar ne don a cinye hakkin marayu. Ya ce ƙanwarsa malamar makaranta ce, a bayansa ta girma, tun tana rarrafe bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Ya kira yarinyar nan maƙaryaciya a gaban fasinjoji, ya kwafi sunanta, ya sa aka kira masa shugabanta ya shigar da ƙara a kanta. Ni ina gefe riƙe da jakarsa. Magana ɗaya ce a bakina da za ta kashe wutar, na haɗiye ta. Yarinyar tana share hawaye da bakin ɗankwali, amma da ta ga Yaya yana haki ita ta ɗebo masa ruwa.

A hanyar dawowa kuma shi ke lallashina, wai kada in sa abin a rai, muddin yana numfashi ba wanda zai ƙaryata ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Jumma'a ya kai wa Mma takardar da tawadar dangwale. Ina bakin ƙofa ina saurare. Mma ta saurara har ya gama fassara mata, sannan ta ce mai takaba ba ta shiga shari'a, yatsanta na carbi ne. Ya roƙa, ya kawo hujja, ya ce ko Allah ya isa ta yi musu ya ji sanyi. Ta juya fuska bango. Na yi ajiyar zuciya, amma na san tsira ce ta kwana biyu.

Yanzu ya ce tunda takarda ba ta isa ba, zai je gidan rediyo ranar Alhamis mai zuwa, shirin safe da ake kiran waya. Zai ambaci kamfanin, zai ambaci yarinyar da sunanta, duk Tamale ta ji. Abibata ta ji a wurin ɗinki cewa an riga an ɗauke Suhuyini daga tebur har a gama bincike, kuma ita ke riƙe da uwarta a Kukuo.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa ban ga ƙarshensa ba, sai dai mutanen da nake turawa ciki. Kwana uku ke nan ina tashi da niyyar shiga wurin Mma, in kai bakin ƙofa in gaishe ta in tambayi ƙafarta in fito. Yaya zan dubi matar da ta zauna da Baba shekara arba'in da bakwai in ce mata burodi mai zafi ne ya hana ni? Ina jin kunyarta, ina jin kunyar Yaya, ina jin kunyarka kai ma da ka ce mu wuce.

Kada ka sake rubuto mini layi shida. Ka yi mini addu'a kawai.

Ka gaida maƙwabta, ka gaida Najat.

Matarka,
Hawawu


Zogbeli, Tamale
Jumma'a, kwana ashirin da biyar

Baban Najat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya kai da 'yarka, ina fata wannan ta same ka cikin kwanciyar rai. Mu nan mun gode Allah. Barka da Jumma'a.

Na faɗa.

Jiya da safe Yaya ya turo babur ɗinsa zaure, ya sha batakari, jaka a hammata, zai tafi rediyo. Ban shirya komai ba. Ina wanke kofunan koko na ji ya taka kik, sai na gan ni durƙushe gaban tayar gaba da kumfa a hannuna. Na gaya masa duka, tun daga Mamobi har bakin zauren da muke ciki. Abibata tana bayana da tsintsiya.

Bai yi faɗa ba. Ya kashe babur, ya tambaye ni sau biyu ko burodi na ce. Na ce burodi. Ya daɗe yana duban jakar nan tasa, sannan ya ce in matsa ya wuce. Ba rediyo ya je ba. Filin jirgi ya nufa, ya sa aka kira Suhuyini da shugabanta, ya cire hula a gaban fasinjoji ya roƙi gafarar yarinyar da ba ta kai 'yarsa ta biyu ba, ya janye ƙararsa a rubuce. Wani mai yalo-yalo ɗan unguwarmu ya gani, don haka zuwa la'asar Zogbeli duk ta sani. Yaya da ke tafiya kai a sama, ni na sa ya cire hula. Tun jiya sallama kawai yake amsa mini, kuma ban ga laifinsa ba. Abibata ta yi ta kuka wai bakinta ya jawo, na ce mata ita wasa ta yi, ni na mai da shi aiki.

Saura Mma. Da hantsi na shiga, na bugi ƙafar gadon nan kamar kullum, na durƙusa a gefen tabarmarta. Na fara magana ke nan ta ɗaga mini hannu ta ce in saurara. Na kasa kunne. Sai ga ƙarar jirgi ta saman rufinmu, yana sauka.

Ta ce na safen Accra ke nan, kullum haka yake wucewa wajen sha ɗaya. Tun da Baba ya kwanta, da shi yake gane lokacin maganinsa, ya fi yarda da shi a kan agogon bango. Ranar Litinin ɗin nan ma ya wuce. Yaya yana can neman mai ƙarin ruwa, sauran jama'a kuwa wa ke kula da jirgi, su biyu ne kawai a ɗakin. Baba ya buɗe ido ya ce ga Hawawu nan. Shi ya sa aka kira maƙwabta suka juyo masa gado ya fuskanci ƙofa, don ya riga kowa ganina.

Da aka yi awa guda shiru, ta ce sai ya yi murmushi ya ce: "In ba ta cikinsa, tana wurin mai burodi. Halin uwata ta ɗauko, ku bar ta." Bai sake magana ba. Idonsa yana kan ƙofar har aka kira azahar.

Baban Najat, tun daga bakin zaure, tun da ta hango kwalayen nan a bayana, Mma ta sani. Shi ya sa ba ta ci ba. Kwana ashirin da huɗu ina ɓoye wa matar da ke rufa mini asiri. Carbin nan da nake ganin tana ja in tsofaffi suna Allah ya isa, ashe duk wadda aka yi sai ta bi ta a zuci da Allah ka yafe wa 'yata, tana tarewa ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye ta me ya sa ba ta kira ni ta yi mini faɗa ba. Ta ce jira take in zo da ƙafata, tunda ai an saba jirana a ɗakin nan.

Wannan maganar ta fi mari. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da na iso. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce ta yafe mini duniya da lahira, Baba kuwa ya riga ya yafe tun da ya yi murmushi. Amma ta ce kada in ɗauka yafiya tana mai da awa biyun da ya yi yana duban ƙofa, wannan nawa ne, in riƙe. Daga nan ta miƙe da ƙafar nan tata ta ce in kama mata. Mu biyu muka ɗaga gadon muka mai da shi jikin bango.

Gobe zan je Kukuo da kaina wurin Suhuyini da mahaifiyarta. Yaya ya yi nasa, nawa yana nan. In na fita unguwa yanzu ana bi na da ido, wasu tsofaffin sun daina tambayata ya haƙuri. Ina jin kunya, amma yau na ci tuwo na ƙoshi, karo na farko tun da na zo.

Ka yafe mini kai ma, na hon ɗin da na yi banza da shi da na ƙaryar da na so in sa ka.

Addu'ar arba'in ranar Asabar ce, sati biyu daga gobe. Ka nema wa Najat izini a makaranta ku taho tare, Mma tana son ganinta. Ku hau na ƙarfe goma, za mu ji wucewarku daga ɗaki. Kada ka tsaya sayen komai, ko na sisi. Ku dai zo.

Wassalam, taka har kullum,
Hawawu